Ƙaro da Allura

Na share tsakar ɗaki bayan La'asar,
na shimfiɗa zanen ƙasa, na danne kusurwoyinsa
da dutsen guga, da turmin yaji, da takalman Ladan.
A kansa audugar da aka shiɓa,
a kan auduga fuskar bargo:
ragowar atamfa, guntayen shadda,
abin da telolin Shagon Goro ke sharewa da yamma,
ni kuwa na tsinto, na harhaɗa wata uku.

Gwaggo Ige na bakin ƙofa,
yatsunta sun kanannaɗe kamar ɗanyar citta.
Shekara arba'in tana kama bargo da dogon zare,
taku a nan, taku a can, kamar sawun zabuwa,
in ɗinkin gaske ya zauna ta zare shi.
Ta leƙa kwanon da na jiƙa ƙaro.
"Mi a wanga, Hajo? Tawada za ki yi?"
Na ce liƙi zan yi.
"Liƙi aikin mai facin taya na."

Ranar farko hannuna ya yi nauyi.
Bargo ya bushe, ya sandare
kamar ƙirgin da majema suka manta a rana.
Allura ta shiga ta ƙi fita,
biyu suka karye, ta uku ta fito da danƙo a hanci.
Da dare kiyashi suka zo har da surukansu.
Gwaggo ba ta ce uffan ba,
tari kawai ta yi, irin tarin da ke da haƙora.

Na wanke, na shanya, na sake shiɓa.
Na tsarma ƙaron har ya koma kamar ruwan kanwa,
na fige gashin kaza guda.
Ɗigo.
Tazarar tafin hannu.
Ɗigo.
Daga cibiya nake farawa in nufi gefe,
ina lallashin ƙyalle da bayan hannu
yadda ake korar kumfa daga bakin tulu.
Na zuba garwashi a dutsen guga,
na ɗora, na ɗaga, ban ja ba.

Da na kama kusurwa na ɗaga sama
su ukun suka tashi tare,
babu wanda ya zame ya bar ɗan'uwansa.

Dare goma sha ɗaya ina ɗinki,
wuta ta zo, wuta ta tafi, na kunna fitilar waya.
Babu tsinin da ya soke ni a cinya,
babu zaren riƙon da zan bi ina tsincewa.
Ran Alhamis na tsoma shi a baho.
Ƙaro ya narke, ya bi rariya ya fita titi,
ruwan ma bai canza launi ba.
Na nemi inda ya zauna, ban gane wurin ba.

Ladan ya naɗe shi a bayan babur
zuwa Kwalkwalawa, inda yake kwana gadin albasa,
inda sanyin Rima ke tasowa kafin kiran Assalatu
ya nemi mutum ta ƙarƙashin tabarma.

Bayan kwana biyu ina tankaɗe,
Gwaggo ta ce, ba tare da ta dube ni ba,
"Ƙaron ga ya saura?"
Ta jawo ƙunshi daga ƙarƙashin gado,
fuskar bargo ce, shuɗi da ruwan ƙwai,
shekara huɗu tana ninke tun da yatsu suka ƙi allura.
Na shimfiɗa mata. Na miƙa gashin kaza.
Ta riƙe shi da dukan hannu kamar muciya.
Ɗigonta ya fi nawa daidaita.
Na buɗe baki zan faɗa,
ta ce, "Gusa can, kina tare man haske."